RIGAR AMARYA: A ARA WA 'YAR'UWA KO A BAR WA GARA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalan gidansa da sahabbansa.

Duk shekara da zarar an kawar da amfanin gona, haka kuma a watan Sha'aban gab da azumi, ɗaurin aure yakan yi yawa a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, har ya zama da wuya a sallame Juma'a ba a ji sanarwar aure biyu ko uku ba. Wannan abin farin ciki ne, domin aure sunna ce, kuma garin da ake yawan aure a cikinsa Shaiɗan yana shan wahala. To amma akwai wata baƙuwar al'ada da ta biyo mota daga Kano da Dutse ta sauka a cikin gari, ga ta nan kuma tana lallaɓawa zuwa Babaldu da Sara da Basirka da Fagam, wato al'adar ɗinka wa amarya rigar da ba za a sa ta ba sai yini ɗaya tak a duniya. Ana ta surutu a kan tsadar lefe da tsadar kayan ɗaki, amma ba a cika samun mai tsayawa ya tambaya ba: shin bayan an watse, an kai amarya, an yi buɗar kai, ina rigar nan take tafiya?

Amsar ba ɓoyayya ba ce. Akwati take shiga. A ninke ta, a jefa mata ƙwayar kafur, a rufe, a ɗora a saman sif, shi ke nan an yi mata jana'iza ba tare da salla ba. Shekara ta zagayo, amarya ta haihu, jiki ya buɗe, riga ta daina shiga. Shekara ta biyu yayi ya wuce. Shekara ta uku damina ta ratsa bango, danshi ya kama akwati, duwatsun da aka manna mata su fara zuba, fari ya koma ruwan ƙasa, gara da kyankyaso su raba gado. Kuma ba riga ɗaya ake magana ba. A gidajen da suka fi zurfi a wannan hanya akwai ta kamu, akwai ta dina, akwai ta walima, akwai wadda za a canja a tsakiyar dinar saboda mai hoto, kowace da gwaggwaronta da takalminta da jakarta. Dokar da ba wanda ya rubuta, amma ake bin ta fiye da yadda ake bin wasu farillai, ita ce wai kayan biki ba a maimaita su, tunda hoto ya riga ya zagaya Facebook da TikTok, kowa ya gani.

Sai a tambaya, da kuɗin wa aka yi wannan binnewa? Ba daga sama suka faɗo ba. Akwai angon da ya sayar da riɗin da ya noma da guminsa, ya hau mota zuwa Kantin Kwari ya zube su a kan leshi. Akwai uban da ya kai sa kasuwar Sara, ko ya jinginar da gefen gona. Akwai uwar da ta shekara biyu tana zubin adashi da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Akwai kuma waɗanda ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, suka ci bashi, har aka yi sunan ɗan fari mai bin bashi bai daina sallama a ƙofar gida ba. Duk wannan a ƙasar da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Ƙasar da hukumar ƙididdigarta da bakinta ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a Disambar 2024. Ƙasar da dokar 2024 ta yanke mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000. Duk mai shakka ya je wurin telan da ke ɗinkin amare ya tambayi kuɗin yadi da duwatsu da ladan hannu, sannan ya auna da wannan albashi, ya ga wata nawa ake sawa a jiki a cire cikin awa huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Abin takaici kuma, masu wannan kwaikwayo ba su ma san asalin abin da suke kwaikwayo ba. Farar rigar amarya mai jela ta yi suna ne bayan da Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sa ta a ranar aurenta, 10 ga Fabrairu, 1840. Masu kuɗin Turai suka ɗauka, daga nan ta bi 'yan mulkin mallaka da 'yan mishan da finafinai ta game duniya. Kafin nan galibin matan Turawa da rigarsu mafi kyau suke aure, kowane irin launi, kuma su ci gaba da sa ta. Ita kanta Biktoriya, wadda take mulkin daular da ta fi kowace faɗi a zamaninta, wadda sojojin ƙasarta suka ci Kano a 1903, shekara 2 bayan mutuwarta, ba ta bar leshin aurenta ya ruɓe ba. Ta yi ta cire shi tana ɗorawa a kan wasu riguna, ta sa shi a bukukuwan sunan 'ya'yanta a coci, ta sa shi a wasu bukukuwan aure na gidanta. Wato mai abin ta maimaita, amma 'yar manomin da ta ara daga nesa ta ce ita ta fi ƙarfin maimaici! A Amurka ma har an kai matsayin da wasu amare ke shiga kogi ko taɓo da rigar, ko su watsa mata fenti, don kawai a ɗauki hoton lalata ta. Wanda ya kama wannan hanya ya sani can ta nufa. Allah wadaran naka ya lalace, in ji raƙumin dawa da ya ga na gida.

Kakannin mutanen wannan yanki ba haka suka yi ba. Lefe ma asalinsa kwando ne da ake saƙawa da kaba, girmansa kuwa bai wuce a ɗauka a ka ba. Zanen da aka kai mace da shi, saƙi ne ko atamfa, shi take ɗaurawa ran suna, shi take ɗaurawa ran salla, ƙanwarta ta ara ta je biki ta dawo da shi. In ya kwana biyu ya koma zanen goyo, in ya ƙara tsufa ya koma shimfiɗar jariri, in ya mutu ya zama tsumma. In kuwa wata lalura ta taso tun yana da sauran kyau, a kira dillaliya ta fita da shi, kuɗin ya sayi magani ko tunkiya. Ba su yi boko ba, da yawansu ma karatun allo bai yi nisa ba, amma sun san tufa dukiya ce, dukiya kuwa amana ce.

Kada wani ya yi saurin cewa ana haramta ado. Ba mai ikon haramta abin da Allah Ya halatta. A Suratul A'araf, aya ta 31 da ta 32, Allah Ya yi umarni da ado, Ya kuma ƙalubalanci masu haramta shi. Amma a wuri guda ɗin Ya hana israfi, Ya bayyana cewa ba Ya son masu yin sa. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, an haɗa umarnin bai wa dangi da miskini da matafiyi haƙƙinsu tare da hani ga almubazzaranci, aka kuma danganta almubazzarai da shaiɗanu danganen 'yan'uwantaka. Mai hankali ya lura da wannan haɗi: abin da aka watsar a banza, haƙƙin wani ne aka hana. Amarya ta yi ado, ta yi ƙamshi, ta yi lalle, ta fi kowace mace kyau a ranarta a cikin 'yan'uwanta mata, babu laifi. Laifin shi ne a kashe dukiya a kan abin da tun ranar yankansa an ƙudurta ba za a sake amfana da shi ba.

Ga kuma misali daga gidan da ba gidan da ya kai shi daraja. Imamul Bukhari, a cikin Sahihinsa, a littafin kyauta, ya ware babi guda a kan yi wa amarya aron kaya lokacin tarewa. A ƙarƙashinsa ya kawo labarin wani tabi'i mai suna Aiman, wanda ya shiga wurin Nana A'isha (R.A.) ya same ta sanye da wata riga da kuɗinta bai wuce dirhami 5 ba. Ta nuna masa kuyangarta, ta ce yarinyar tana ganin ta fi ƙarfin sa irin wannan riga ko a cikin gida, alhali a zamanin Manzon Allah (S.A.W.) tana da irinta, kuma duk macen da za a yi wa kwalliya a Madina sai an aiko an ari rigar. Riga ɗaya, ta dirhami 5, ta kai amare ɗakunansu a birnin Manzo, kuma daga waɗannan ɗakuna aka haifi mutanen da suka kai Musulunci gabas da yamma. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Aɗiyya cewa da aka umarci mata su fita Idi, aka kawo uzurin wadda ba ta da mayafi, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya ce 'yar'uwarta ta lulluɓa mata daga nata. Nana Faɗima (R.A.) kuwa, shugabar matan Aljanna, kayan da aka kai ta da su, kamar yadda Nasa'i ya ruwaito, bargo ne da salkar ruwa da matashin kai da aka cusa wa ciyawa. Wace 'ya ce a Jigawa ta fi waɗannan?

Masu kare akwati suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko su ce ai Bahaushe ya ce kayan aro ba ya ado, kuma abin kunya ne a gane riga a jikin amarya a ce ta wance ce. To, karin magana ba aya ba ce. Da kayan aro ba ya ado, da matan Madina ba su yi layi a kan rigar Nana A'isha ba. Kuma wace kunya ce ta fi: a ce amarya ta ari rigar yayarta, ko a ce uban amarya yana ɓuya a bayan gida saboda mai shago? Mutanen da ke hayar kujeru, hayar rumfa, hayar lasifika, aron motar kai amarya, aron tukwanen girki, me ya sa sai a kan riga kaɗai girman kai yake tashi? Suratul Ma'un ta zargi masu hana ma'un, kuma Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.) ya bayyana cewa a zamanin Manzo suna lissafa aron guga da tukunya a cikinsa. Al'ummar da aka tarbiyyantar a kan kada ta hana maƙwabci guga, ba ta dace da kulle riga shekara goma maƙwabciya tana kuka ba.

Na biyu, kuma wannan a ɓoye ake faɗarsa, su ce ba a ba da tufar da ta taɓa jiki, kada a yanki ƙyalle a kai wa boka a raba auren. Nan fa magana ta bar tattali ta shiga aƙida. Sihiri gaskiya ne akwai shi, amma Alƙur'ani ya yanke cewa ba ya cutar da kowa sai da izinin Allah, kuma an koyar da garkuwarsa: Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu da azkar na safe da yamma. Ba a taɓa koyar da rowa a matsayin tsari ba. Macen da ke kai ɗinki wurin tela, take shanya a tsakar gidan haya, take bai wa mai wanki da guga, ta riga ta bar tufarta a hannun mutane sau ɗari. Sai ranar da marainiya ta zo aro ne za a tuna da boka? Wannan munana zato ne ga Musulmi, sanye da rigar taka-tsantsan.

Na uku su ce in an ba da aro ba ta dawowa lafiya. Wannan kuka yana da gaskiya a ciki, domin masu cin amanar aro sun yi yawa, kuma su ne suka fara kashe al'adar. Amma fiƙihu bai bar wurin a buɗe ba. Ɗan Islamiyyar da ya kai babin aro a Risalar Ibn Abi Zaid ya san cewa abin aro wajibi ne a mayar da shi, kuma mai aro yana lamunin abin da ake iya ɓoyewa, irin tufa da kayan ado. Ta ƙona ta biya, ta ɓatar ta biya. Maganin cin amana shi ne a tsayar da hukunci, a sa shaida, a yanke ranar dawowa.

Na huɗu su ce ana ajiyewa ne don tarihi, ko don 'yar da za a haifa. Tarihi yana cikin wayar kowa, hoto ɗari ba ɗaya ba. Ita kuwa 'ya, yayin da ba ya kai shekara biyu a hannun teloli, wa ya ce zai jira shekara ashirin? Uwar da ke ƙin maimaita rigar wata uku, ta yaya take tsammanin 'yarta za ta karɓi ta shekara ashirin?

Amma akwai wata hujja ta biyar da ba sa son faɗa, alhali ita ce gaskiyar lamarin: rigar ba ta sawuwa. An matse ta har numfashi yana wuya, an bar ƙirji da baya a raga, an ja mata jela sai yara biyu sun riƙe. Ba a zuwa suna da ita, ba a zuwa gaisuwar surukai da ita, balle a yi salla. To a nan ga ma'auni mai sauƙi: duk rigar da mace za ta ji kunyar sawa a rana ta biyu, akwai abin da ya same ta tun a rana ta farko. A dubi ango. Babbar rigar shaddar da ya sa ran ɗaurin aure, da ita yake zuwa Juma'a, da ita yake Idi, abokinsa ya ara ya je nasa ɗaurin auren, ba wanda ya ce uffan. Me ya sa? Don an ɗinka ta domin sutura. Ita kuwa waccan an ɗinka ta ne domin idon mai hoto da idon mazan da aka tara a zauren dina. Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan tufar neman suna, cewa mai ita za a tufatar da shi tufar ƙasƙanci ranar alƙiyama. Wal'iyazu billah.

To mene ne abin yi ga wadda rigarta ta riga ta shiga akwati? Da farko ta fito da ita ta sa wa mijinta a ɗakinta, domin shi ne ya fi kowa haƙƙin ganin adon, kuma abin da ya haramta a gaban taro ya halatta a nan, har da lada. Abin mamaki ne a yi wa gari kwalliya yini ɗaya, a bar mai gida da zanen girki shekara da shekaru. Na biyu, ta kai wa tela mace a yanke jelar, a toshe ragar, a saki ɗinkin. Yadin da ke cikin jela ɗaya yana fitar da rigar salla ta ƙaramar yarinya. Na uku, in ta gyaru ta zama sutura, ta buɗe ƙofar aro ga ƙanne da 'yan ɗaki da maƙwabta. Amma a gyara kafin a bayar, don kada a yi sadaka da tsiraici. Na huɗu, in tana da buƙata ta sayar, babu aibi. Dillaliya tana nan, kuɗin ya zama jarin awara ko akuya. Na biyar, wanda ya fi duka, ta yi waƙafi da ita.

Malaman Malikiyya sun halatta waƙafin abin da ake iya ɗauka, kamar littattafai da dabbobi da tufafi. Ba a buƙatar gini ko takardar gwamnati. Akwati ɗaya ya isa, a hannun malama amintacciya a makarantar Islamiyya ta matan aure, da littafin rubuta wadda ta karɓa da ranar dawowa, da ɗan abin wanki da guga, da sharaɗin rufa asiri, kada a ji sunan mai aro a bakin kowa. Wannan ba mafarki ba ne. A jihar Kerala ta ƙasar Indiya, wani direban tasi Musulmi mai suna Nasar Thootha ya fara tattara rigunan amaren da aka ajiye a 2020, yana wanke su yana bai wa 'ya'yan talakawa kyauta, kuma iyalai masu yawa sun aurar da 'ya'yansu ta wannan hanya. Direba ɗaya ke nan. Su kuwa masu buƙata a nan ba sai an neme su da fitila ba. A Oktoban 2023 gwamnatin Kano ta hannun Hisba ta aurar da mata 1,800 a lokaci guda, wanda ke nuna yawan waɗanda rashin abin hannu kaɗai ya tsare. Ambaliyar 2022 ta raba dubban mutanen Jigawa da gidajensu da suturarsu. A kowace unguwa ta Birnin Kudu da Gwaram akwai marainiyar da aka ɗaga aurenta sau biyu, kuma tsakaninta da akwatin da zai share mata hawaye katanga ɗaya ce.

Saura magana ga samari, domin da su ake wannan takarda. Yana da sauƙi saurayi ya karanta wannan ya gyaɗa kai ya ce mata sun lalace. To ya dakata. Wa ke kai kuɗin dina? Wa ke cewa shi ma sai an yi masa irin na abokinsa? Wa ke tura hoton amaryarsa ga abokai yana jiran yabo? Da yawa daga masu ɗaga murya a kan bidi'a a bakin masallaci, in nasu ya zo sai murya ta dushe, a ce ai dangin amarya ne suka matsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wurin gyara shi ne tun kafin a kai lefe: saurayi ya zauna da wadda zai aura, a gaban muharraminta, su yi ittifaƙi cewa ba za a yanka yadi ɗaya ba sai wanda za a iya sawa bayan biki. Ya kuma fara da kansa, ya rage nasa ankon da yake ɗora wa abokai marasa aikin yi.

Wanda kuma ya riga ya yi aure, ya ji da kyau: rigar ba tasa ba ce. Abin da aka ba mace kyauta ta karɓa ya zama dukiyarta, ko da shi ya saya. Ba shi da ikon fasa akwati, ba shi da ikon bai wa ƙanwarsa ba da yardarta ba, ba shi da ikon tsawa ko gori. Wanda ya ƙwace don ya yi sadaka ya tsere wa israfi ya faɗa zalunci. Abin da ke kansa shi ne ya karanta mata labarin rigar Nana A'isha cikin lallami, ya biya kuɗin gyaran da aljihunsa, ya yaba mata ranar da ta sake sawa, ya kuma tsaya mata in 'yan gulma suka fara. Mace ɗaya mai daraja a unguwa in ta maimaita rigarta a taron suna, ko ta aika da ita gidan marayu da rana tsaka, goma za su samu ƙarfin hali.

Tufa za ta ƙare ko an sa ko ba a sa ba. Bambancin kawai shi ne wace za ta ci ta: jikin baiwar Allah da za ta yi wa mai ita addu'a, ko gara. Ranar da za a tambayi bawa dukiyarsa ina ya samo, ina ya kashe, ba za a tsallake akwatin saman sif ba.

Allah Ya sanya albarka a auren Musulmi, Ya rufa asirin marayu, Ya nuna wa al'umma gaskiya Ya ba ta ikon bin ta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.